Mun sayi lasifikar Sin, mun bar darasinta a kanti



Yau maganar kiɗa za mu yi, kuma mun san akwai waɗanda ba za ta yi ma daɗi ba. A yi haƙuri da mu. Duk mai zuwa buki a garuruwan nan namu ya ga abin da ya canza. Da, in za a yi aure, sai an aika ma makaɗi goro tun da sauran kwanaki. Yanzu yaro guda ake kira, ya ɗauro lasifika biyu bayan babur, ya jona waya, shi ke nan an tashi buki. Ku diba kayan nasa ɗaya bayan ɗaya: wayar Tecno ko Itel, katin waƙar da ke cikinta, lasifikar, batirin, farantin hasken ranar da ya caja batirin, kai har babur ɗin da ya ɗauko su, akasari daga ƙasar Sin suka fito, wadda a kasuwa muke ce ma Shinuwa. Mai kalangu kuwa yana zaune gida. In ya yi sa'a a tuna da shi ranar ɗaurin aure, ya yi ƴan kirari, a ba shi na goro.

Ra'ayinmu a fili yake. Sin ta riga ta shiga kiɗanmu har ɗaka, amma abin da muka karɓa wurinta shi ne mafi arha cikin abin da take da shi. Na'ura muka karɓa. Yadda Sinawa suka yi da nasu kiɗan gargajiya har ya rayu, ya shiga jami'a, ya shiga fim, ya zagaya duniya, wannan ko tambaya ba mu yi ba. In muka ci gaba a haka, nan da ƴan shekaru za a nemi mai goge a Cadawa a rasa, kuma ba Basine za a kama da laifi ba, mu za a kama.

Da mutane iri biyu muke jayayya. Na farko su ne masu cewa duk abin da ya zo daga waje ɓata al'ada ne, a hana yara, a koma yadda kakanni suka bari. Na biyu su ne samarin da ke ganin duk wanda ya sayi fiyano, ya koyi danna kwamfuta, ya sa muryarsa ta yi ta karkarwa, to ya kawo sabon abu. Dukkansu biyun sun kauce, kuma kaucewar tasu wuri guda take kai mu: gogen ya mutu a rataye jikin bango.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don kada a ce son zuciya ne. Tecno, Itel da Infinix duk na kamfani guda ne, Transsion, mai mazauni a Shenzhen. Dandalin Boomplay da aka buɗe a Najeriya a 2015 daga gidansu ya fito. TikTok na kamfanin ByteDance ne na birnin Beijing. Xender da ake tura waƙa da shi waya zuwa waya shi ma daga Sin yake. Wato tun daga inda waƙa ke fitowa har inda take shiga kunnen yarinya mai tallan aya a tashar Cadawa, cikin kayansu take bi. Wannan hanya tana da halinta. TikTok gajeren abu yake so, wanda zai kama mutum cikin ƴan daƙiƙu kafin yatsa ya ture shi. Saboda haka mawaƙi yanzu baiti guda yake nema mai daɗin rawa, sauran waƙar ko oho. Ku kwatanta da Mamman Shata, wanda zai ɗauki waƙa guda ya yi ta jan ta, ƴan amshi na karɓa, yana sako labari da zambo da habaici har a raba dare. Irin wannan waƙa ba ta da wurin zama a cikin daƙiƙa talatin.

Sai maganar kuɗɗi. Waƙar da aka tura ta Xender ko Bluetooth a rumfar mai caji, mai rumfar ya samu ɗan abinsa, wanda ya yi waƙar bai ga ko dala ba. Dandalin intanet na biyan wanda aka yi ma waƙarsa rajista, yana da asusu, yana da mai tsaya masa. Tsohon da ke kiɗan gangar noma a ƙauyen Gazawa bai san da wannan ba, ko da yaro ya ɗauke shi a waya ya watsa duniya ta gani. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a Yamai. Makaɗa nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin sunanta?

Akwai kuma abin da ke ɓacewa a cikin sautin kansa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin murya ne ya raba su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Kalangu yana bin wannan karin: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka. Shi ya sa kalangu ke magana, shi ya sa mahauci ke jin takensa daga nesa ya miƙe tsaye. Goge ma ba shi da matakala a wuyansa, yatsa ke zamewa kan izga ya fitar da sautin da ke tsakanin sauti biyu. Fiyano kuwa matakalarsa goma sha biyu ce a ƙayyade, ba ƙari ba ragi, kuma manhajar gyaran murya aikinta ta jawo muryar mawaƙi ta dasa ta kan matakalar da ta fi kusa. Gangar da ke cikin na'ura bugu take yi, ba ta iya kiran sunan kowa. To in an ce ma yaro wannan shi ne kiɗan Hausa na zamani, an rage masa abu ne, ba a ƙara masa ba.

Yanzu mu juyo ga dattawanmu masu cewa a toshe ƙofa. Da girmamawa, baba, yaushe kiɗanmu ya taɓa zama a ɗaki rufe? Algaitar da ake busa ma Sarkin Gobir a Tsibiri da Sarkin Katsinan Maraɗi, masana na danganta ta da dangin busa da suka taso daga Gabas ta Tsakiya, kuma ƴar uwarta tana can ƙasar Sin, suna ce mata suona, ita ma a buki da jana'iza ake busa ta. Ɗan Maraya Jos da kuntigi na gwangwani ya yi suna. Sa'adu Bori, ɗan jihar nan tamu, ya ɗauki karin kiɗan bori ya sa shi cikin jita da gangunan zamani, faifan da suka yi da Musa Pusi a 1994, Niamey Twice, ya kai har Turai. Fati Nijar daga Maraɗi ta tashi ta je Kano ta zama babbar murya a waƙoƙin fim. Mdou Moctar, Buzun da yau ke cika dandali a Amurka, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, faifansa na farko kuma a Sakkwato ya yi shi a 2008, da salon sitidiyon Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo a katin waya har suka shiga wani faifai da aka fitar a Amurka a 2011, daga nan ya yi fim a 2015. Wayar nan mai arha da kuke tsine ma ita ce ta fitar da shi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, wannan ku kuka koya mana. Abin tambaya shi ne wa ke riƙe da gangar lokacin da kiɗan ke sakewa.

Ku kuma samari masu sitidiyo, ku matso ku ji abin da masu ƙera muku wayar suka yi da nasu gogen. Sinawa na da abin kiɗa da suke kira erhu. Tsarkiya biyu gare shi, da ɗan ƙoƙo da aka rufe da fatar mesa, ana goga shi da izgar doki. In ka ji shi a fim ɗin Shinuwa sai ka rantse kukuma ce, don yawancin waƙoƙinsu na gargajiya kan sauti biyar aka gina su kamar namu, harshensu ma mai hawa da sauka ne. Shekara ɗari da suka wuce erhu abin raini ne, na mabarata da masu rakiyar ƴan wasa. Wani malami, Liu Tianhua, wanda ya koyi gogen Turawa, ya ƙi jefar da na gida. Ya ɗauko dabarun da ya koya ya faɗaɗa yadda ake kaɗa erhu, ya tsara masa kiɗa guda goma da darussan koyo, ya shigar da shi jami'a a Beijing. Ya rasu a 1932 yana da shekara 37, amma har yau da kiɗansa ake koyar da yara.

A 1950 wasu malaman kiɗa, Yang Yinliu da Cao Anhe, suka tahi garin Wuxi da na'urar ɗaukar sauti, suka nemo wani makaho mai kiɗa a bakin titi, ana ce masa Abing. Kiɗa shida kacal suka samu ɗauka, uku na erhu, uku na wani abin kiɗa mai kama da molo da ake kira pipa. Watan Disamba na wannan shekara ya rasu. Ɗaya daga cikin shidan nan yau yana cikin kiɗan da aka fi sani a duk ƙasar Sin. Da malaman nan sun ce bari sai baɗi, da an rufe shi da abinsa.

Ga kuma Tan Dun, wanda ya ci kyautar Oscar a 2001 saboda kiɗan fim ɗin Crouching Tiger, Hidden Dragon. Mutumin lardin Hunan ne, ya yi noman shinkafa a ƙauye yana saurayi. A 1981 yana ɗalibi ya gamu da wani tsoho mai kiɗa da duwatsu. Da ya koma nemansa bayan shekara kusan ashirin, sai ya tarar ya rasu, kuma ba wanda ya gaje shi. Abin ya dame shi, ya ɗauki masu kyamara ya shiga ƙauyuka yana ɗaukar makaɗa da mawaƙa, ya tsara wani aiki mai suna The Map, inda ake haska mutanen ƙauye a majigi suna waƙarsu, manyan makaɗa na kan dandali suna amsa musu. An fara nuna shi a Amurka a 2003 tare da Yo-Yo Ma. A Hong Kong kuma, da fatar mesa ta zama abin da doka ke sa ma ido, babbar ƙungiyar kiɗan gargajiya ta can ta zaunar da makaɗa da masu ƙira, tun daga 2005 suka shiga gwajin wata fatar roba, har suka samu wadda ke ba da sautin da suke so kuma ba ta damuwa da danshi.

Ku lura da abu guda a duk labaran nan: ba makaɗi kaɗai ya yi aikin ba. Malami ya zo, mai na'ura ya zo, mai kyamara da mai ƙira suka zo, kowa ya kawo abin da ya iya, aka sa kiɗan gida a tsakiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuwa a nan mai sitidiyo na ganin mai goge baƙauye ne, mai goge na ganin mai sitidiyo ɗan iska ne, malamin lekwal na ganin su duka biyun ba su kai ya zauna da su ba.

Ba muna cewa a kwafo komai na Sin ido rufe ba. Su ma sun yi ɓarna. Tsakanin 1966 da 1976, lokacin da suka kira juyin al'adu, an hana tsofaffin kiɗe-kiɗe da wasanni da yawa, an wulaƙanta masu yin su. Gyaran da aka yi ma kayan kiɗansu don su dace da babbar ƙungiya ya sa wasu salon ƙauyuka sun narke cikin salo guda na makaranta. Mu ba mu son ranar da gogen Gobir da na Katsina da na Damagaram za su koma murya ɗaya. Maganar nan da aka saba ji ta neman ilimi ko da a birnin Sin, ilimi ta ce a nemo, kuma mai neman ilimi yana tacewa.

Ma ba sai mun je nesa ba, a ƙasar nan an taɓa yi. Malam Maman Barka malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tahi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya zauna ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Daga baya ya haɗu da Umaru Adamu mai duma da kalangu, suka fitar da faifai a Ingila a 2009, suka zagaya ƙasashe. Barka ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa, amma sautin biram bai bi shi kabari ba.

Manoman Agye kuwa sun fi kowa gane wannan magana. Shekaru aka yi ana kawo itatuwa daga gandun reno ana dasawa suna mutuwa. Abin da ya mayar da itace gonakinmu shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980: a bar kututturen da ke cikin gona, a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, a rage sauran, a kula da shi. Ɗan Saga har baƙi daga ƙasashen waje ke zuwa gani, kuma ana lissafin kadada kusan miliyan 5 da suka farfaɗo a ƙasar nan ta wannan hanya. Saiwar tana nan ƙarƙashin ƙasa da ranta. Kiɗanmu ma haka yake, sassabe yake so.

Mun san za a ce mana: ana fama da tsadar hatsi, ana fama da ɓarayin daji a bakin iyaka, Gidan Rumji na ɗauke da ƴan gudun hijira tun 2019, ku kuna maganar goge? Gaskiya ne, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Amma kiɗa sana'a ce. Bayan kowace ganga akwai masassaƙi, akwai majemi, akwai ƴan amshi, akwai gida mai cin tuwo da ita. Duk jikkar da aka biya a buki ta tahi wurin hayar lasifika da sayen kati, an cire ta ne daga bakin waɗannan. Ɗan makaɗin da ya ga sana'ar ubansa ba ta ciyarwa, ina kuke jin zai nufa in ba Libiya ko Aljeriya ko bakin tasha ba? Wasu kuma za su ce ai kiɗa ma malamai sun yi magana a kansa. Wannan fage na malamai ne, mun bar musu. Abin da muka gani da ido shi ne korar makaɗi daga buki ba ta kawo shiru ba, ta kawo lasifika mai kwana tana ihu da baitocin da ba ka iya ji gaban surukinka. Makaɗin gari aƙalla yana jin kunyar mutanen gari.

To me muke nema? Abubuwa ne da ba su fi ƙarfinmu ba.

A fara da ɗauka. Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta fi na'urar da aka ɗauki Abing da ita nesa ba kusa ba. Kowace ƙaramar hukuma ta sa matasa da malaman lekwal su zagaya ƙauyuka, su ɗauki masu goge, gurmi, garaya, duma, gangar noma, da mata masu kiɗan ƙwarya da waƙar daka. A rubuta sunan makaɗi, garinsu, wurin wa ya koya, taken wa yake kaɗawa. A nemi izininsa, a biya shi, a bar ma iyalinsa kwafi, a ajiye wani a ma'aikatar magajin gari da gidan rediyon al'umma. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da ke adana al'adun baka tun 1968, akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, a nemi shawararsu kan yadda ake ajiya.

Na biyu, a sa goge cikin lasifikar. Abin da ya kori makaɗi daga fili shi ne ba a jin sa cikin taro. Mai gyaran waya da rediyo na kasuwar Cadawa, da masassaƙi, da ɗaliban fasaha na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su zauna da makaɗa su gwada ƴar na'urar ɗaukar sauti a jikin goge da gurmi, su gwada abin da zai maye fatar guza in ta yi wuyar samu. Ranar da mai lasifika da mai goge suka zo buki kan babur guda suka raba kuɗɗin, rigimar ta ƙare.

Na uku, masu sitidiyo a Maraɗi su daina satar bugun kalangu daga tsohon kaset. Ku kira mai kalangun da ransa, ku ɗauke shi, ku sa sunansa, ku biya shi. Masu shirya fim da wasan kwaikwayo su ma haka. Fagen kokawa ya isa misali: tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a 1975 har yau, ba a taɓa raba kokawa da makaɗanta ba, ana haska ta a talabijin, kuma ba wanda ya ce ta tsufa.

Na huɗu, mu masu buki. In ka ware kuɗɗin lasifika, ware na makaɗi, ko da na awa biyu ne da la'asar. Kada mu zo nan muna kukan al'ada ta mutu alhali mu muka daina gayyatar ta.

Na ƙarshe, ga hukumomi. Sinawa sun gina filin wasa na Seyni Kunce a Yamai, sun gina matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, suna haƙar man Agadem. Duk lokacin da aka zauna da su, a sa maganar fasaha a takarda: guraben koyon ɗaukar sauti, ƙirar kayan kiɗa da adana su, da musayar makaɗa. Rediyon Sin na da sashen Hausa tun 1963. Masu saurarensa na jihar nan su rubuta musu, su nemi a zaunar da mai erhu da mai goge a shiri guda mu ji abin da zai fito.

Wanda ya san wani tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya a ƙauyensu da shekaru suka ja, ya je ya gaishe su cikin satin nan, ya tahi da wayarsa da caji, ya nemi izini ya ɗauka. Wanda ke ganin mun yi kuskure kuma, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.